Fashin Baƙi: Me Ke Hana Budurwar Kaza Fara Ƙwai a Kan Lokaci?

Wata nawa budurwar kaza ke ɗauka kafin ta fara ƙwai? Idan kuma lokacin ya zo ya wuce gurbi na nan wayam, wa za a kama da laifi: wanda ya sayar, wanda ya kiwata, ko ita kazar? Tambayar ke nan da ke yawo a majalisu da gidajen suna a Katsina da Daura, amsoshin kuma sun fi tambayar rikitarwa. Wani ya ce wata 4, wani ya ce wata 8, wata ta ce ai sai an sa musu zakara, wani kuma ya zaro ƙunshin magani daga aljihu ya ce a zuba a ruwa, kwana 3 za a ga aiki.

Akwai dalilin da maganar ta yi ƙarfi a 'yan shekarun nan. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, masara da waken suya suka yi tsada, kiret ɗin ƙwai ya bi sahu. Magidanta da matan aure da yawa suka ga gara su ware lungu a tsakar gida su zuba kaji 10 ko 20, yara su samu na karin kumallo, ragowar a kai wa mai shayi. Yawancinsu sun tashi sun ga iyaye da kakanni na kiwon kaji, don haka suka ɗauka sun san kan abin. Inda gizo ke saƙar shi ne, kazar da suka sayo ba irin wadda Gwaggo ta kiwata ba ce, amma kiwon Gwaggo suke yi mata.

Kaji suna suka tara

Kazar Hausa, mai tono a bola da gindin rumbu, takan kai wata 6 zuwa 8 kafin ta fara. Idan ta fara sai ta jera ƙwai 10 zuwa 15, ta tsaya, ta hau kwanci na kwana 21, ta ƙyanƙyashe, sannan ta shafe kusan wata 2 tana jan 'yan tsaki tana faɗa da shirwa. Takan yi wannan zagaye kamar sau 3 a shekara, shi ya sa ƙwanta bai cika wuce 40 zuwa 60 ba.

Kajin gona masu ƙwai, waɗanda ake kira leyas, daban suke. Cikinsu akwai Isa Brown da Lohmann Brown, da kuma Shika Brown wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, ta samar. Waɗannan sukan fara tsakanin mako 18 zuwa 20, wato wata 4 da rabi, kuma a gonar da komai ya ji kaza ɗaya na iya kusantar ƙwai 300 a shekara. An daɗe ana tace irinsu har ɗabi'ar kwanci ta kusa fita daga jikinsu. Sai dai wannan alƙawari na mako 18 yana tafe da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan ne ba a faɗa wa mai saye.

A tsakiya akwai kajin da aka haɗa don nama da ƙwai a lokaci guda, irin su noila da ta fito daga wani kamfani a garin Awe na jihar Oyo, da FUNAAB Alpha ta Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta. A kasuwa akan jefa su duka a kwando ɗaya a ce maja. Su sukan fara a wata na 5 zuwa na 6, ƙwansu ya ninka na kazar Hausa, amma bai kamo na leyas ba.

Burola kuwa ta nama ce, mako 6 zuwa 8 an yanka. Wanda ya riƙe ta yana jiran ƙwai zai ga ta yi ƙiba har ƙafa ta gaza, abinci na ƙarewa, ɗan abin da za ta yi kuma bai taka kara ya karya ba.

Ranar ƙyanƙyasa da ba wanda ya sani

Yawancin 'yan tsakin gona da ke shigowa Arewa daga yankin Ibadan da kewaye ake ɗauko su suna da kwana ɗaya. Dillali ya karɓa, masu raino su riƙe su mako 3 ko 4 a ɗumi, wani ya saya ya ƙara riƙewa, daga nan a kai kasuwa, ko cikin gari ko irin su Mai'adua da Charanchi. Kafin kaza ta shiga hannun uwargida ta bi ta hannu 3 ko 4, ranar ƙyanƙyasarta ta ɓace a hanya. Idan ta tambaya, amsar ba ta canzawa: "Hajiya, ai saura sati biyu su fara." Ba kowane mai faɗin haka ne mayaudari ba, wani shi ma haka aka ce masa. Amma kaza mai mako 12 da mai mako 17 kusan kama ɗaya suke a idon wanda bai saba ba, alhali bambancin ya fi wata guda na ciyarwa.

Akwai ruɗani biyu da suka fi wannan ciwo. Na farko, zakarun leyas. Gidajen ƙyanƙyasa ba su da amfani da su, don haka ana sayar da su da araha sosai, kuma suna ƙanana ba kowa ke gane su ba. A jinsin Isa Brown alamar a fili take tun ranar farko: mace ja-ja ce, namiji fari-fari. Wanda ya sayi fararen saboda sauƙin kuɗi, cara zai samu. Na biyu, tsofaffin kajin da gona ta gama cin moriyarsu ta fitar. Budurwar da ba ta fara ƙwai ba, bakinta da ƙafafunta rawaya ne shar, gashinta sumul. Wadda ta daɗe tana yi kuwa rawayar ta koɗe, gashin ya tsiyaye, ƙafar ta yi kaushi.

Duk wanda zai sayi ɗan tsako, ya rubuta ranar ko da a bangon ɗaki ne. Rabin gardamar da ake yi a kan jinkiri daga rashin wannan kwanan wata take tasowa.

Jiki ke ba da izini

Kaza ba ta ƙirga watanni. Sai jikinta ya kai wani nauyi, ƙashi ya gama ginuwa, kafin ƙwaƙwalwa ta saki sinadaran da ke tayar da mahaifar ƙwai. Ga leya ja, nauyin da ake nema a mako na 18 kusan kilo 1 da rabi ne. Idan ta kai wannan lokaci tana da kilo 1 da ɗan ɗori, jira za ta yi har ta cike gurbin, ko da kuwa zai ɗauke ta wata guda ko fiye. Sikelin awon nama na rataye ya isa a gane inda aka kwana.

Shi kansa ƙwan aiki ne babba. Daga lokacin da gwaiduwa ta saki zuwa fitowarsa, awa 24 zuwa 26 ake ɗauka, kuma kusan awa 20 daga ciki a kan gina ɓawo suke tafiya. Kowane ɓawo na cin kimanin giram 2 na sinadarin kalsiyam. Kwanaki kaɗan kafin ƙwan farko, kaza na fara tara wannan sinadari a cikin ƙasusuwanta don ta riƙa ɗiba da dare. Idan abinci bai biya ba, daga ƙashinta take ci gaba da cira, shi ya sa ake ganin kaza ta fara ƙwai lafiya lau, bayan makonni ta gurfana ta kasa tashi.

Dusa da tsaki ba sa gina ƙwai

Nan ne akasarin kiwon gida ke karyewa. Kazar Hausa na rayuwa da ɗan tsaki da dusa saboda sauran abincinta tana nemo shi da kanta: gara, tsutsa, fara, ɗanyen ganye, ƙananan tsakuwa. Ƙwan da ake jira daga gare ta ma kaɗan ne. Da zarar an kulle kaza a keji, duk wannan ya yanke, abin da aka zuba mata shi ke nan. Gero da dawa da masara suna ba da ƙarfi, amma sinadarin gina jiki da ke cikinsu bai wuce kashi 8 zuwa 12 cikin 100 ba, kalsiyam kuwa kusan babu. Kaza mai ƙwai na buƙatar kashi 16 zuwa 18 na sinadarin gina jiki, da kusan kashi 4 na kalsiyam.

Leya ɗaya giram 110 zuwa 120 take ci a yini, ba ta da wurin zuba fiye da haka. Don haka dabarar nan ta sayen buhu ɗaya na abincin kamfani a cakuɗa da dusa buhu ɗaya don ya yi auki, cutar kai ce. Maƙoƙo zai cika, mai kaji ya taɓa ya ji tam ya ce ai sun ƙoshi, alhali rabin abin da ke ciki ƙaiƙayi ne kawai a wajen jikinta. A ganina wannan cakuɗe ya fi kowace cuta jinkirta ƙwai a gidajenmu, don ba ya kashe kaza balle a farga, sai dai ya bar ta tana yawo lafiya ba ta tsinana komai.

Wasu kuma ta ɗaya gefen suke zarcewa. Don ɗokin ƙwai sai su fara ba kaza mai wata 2 ko 3 abincin leyas, wai ya jawo ƙwan da wuri. Yawan kalsiyam a wannan ƙuruciya ƙoda yake lalatawa. Tsarin shi ne abincin 'yan tsaki har mako 6 zuwa 8, sai abincin girma, sannan a juya zuwa na masu ƙwai wajen mako na 17 ko 18, ko da ganin ƙwan farko. Juyin ma a hankali ake yi, ana gauraya tsoho da sabo na 'yan kwanaki.

Mai son haɗa nasa abinci a gida yana iya yi, kayan na kusa: masara ko dawa, waken suya, ƙuli-ƙuli, garin ƙashi, ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka, da ɗan haɗin bitamin da ake sayarwa a shagunan magungunan dabbobi. Amma waken suya sai an soya shi, ɗanyensa na hana narkewar abinci. Ƙuli-ƙuli ko masarar da ta yi fumfuna guba ce ga hanta. Tunkuzar angurya, wadda ke da sauƙin samu ta wajen Funtuwa da Malumfashi, shanu da tumaki na jure ta, kaji kuwa idan ta yi yawa tana rage ƙwai tana ɓata launin gwaiduwa.

Sai ruwa. Kusan kashi 3 cikin 4 na abin da ke cikin ƙwai ruwa ne. Kaza na shan ninki 2 na nauyin abincinta, da bazara fiye da haka nesa ba kusa ba. Mazubin da ya ƙafe daga azahar zuwa la'asar ya isa ya tsayar da komai.

Haske, bazara da hunturu

Masu bincike a intanet sukan ci karo da shawarar cewa a ƙara wa kaji haske. Gaskiya ne kaza ta fi yin ƙwai idan tana samun hasken awa 14 zuwa 16. Amma yawancin rubuce-rubucen nan don mutanen Ingila da Amurka aka yi su, inda yini kan ragu zuwa awa 8 ko 9 da sanyi. A Katsina yini mafi gajarta, a Disamba, ya ɗan haura awa 11, mafi tsawo kuma a Yuni ya kusa awa 13. Ƙaramin ƙwan fitila mai aiki da hasken rana zai taimaka, musamman a kunna shi kafin asuba, su tashi su ci da sanyin safiya. Sharaɗin dai kada a fara sai kaza ta kai nauyinta. Wadda aka tilasta wa yin ƙwai jikinta bai ƙosa ba, ita ce mahaifarta ke zazzagowa waje, 'yan uwanta su bi jinin da tsattsaga har su kashe ta.

Babban abokin gabarmu a nan zafi ne. Kaza ba ta gumi, kuma ta fi sakewa tsakanin digiri 18 zuwa 24. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina da Daura kan haura 40. A irin wannan yanayi sai ta buɗe fukafukai ta yi ta haki, ta rage ci, nauyi ya tsaya. Hakin ma na taɓa sinadarin da ake gina ɓawo da shi, shi ya sa ƙwan bazara ke da saurin fashewa. Kejin da aka rufe da kwano a tsakiyar rana kuma ya ƙara dagula lissafi. Zana ko karan dawa a kan kwanon, inuwar darbejiya, ruwan randa mai sanyi, da mayar da ciyarwa safe da yamma, duk suna rage ɓarnar.

Saboda haka watan da aka sayi ɗan tsako ma yana da tasiri. Na Nuwamba zai isa ƙwai a Maris ko Afrilu, tsakiyar zafi. Na Yuli zai isa a Nuwamba ko Disamba, lokacin da yini ke gajarta, hunturu kuma ya shigo da cutar da ke share akurki. Na ƙarshen Janairu ko Fabrairu shi ke dacewa da faɗuwar damina, sai dai rainonsa na farko na buƙatar ɗumi sosai, girmansa kuma a cikin bazara zai faɗo.

Zakara, barkono da maganin ƙwai

Kaza ba ta buƙatar zakara kafin ta yi ƙwai. Manyan gonakin da ke cika kasuwa da kiret babu zakara ko ɗaya a cikinsu. Amfaninsa shi ne ƙwan ya zama mai ƙyanƙyasuwa. Mai son 'yan tsaki, zakara ɗaya ya ishi kaji 8 zuwa 10. Idan suka yi yawa sai su hana 'yan matan sakat.

Barkono a ruwa ba ya jawo ƙwai, kaji ma ba sa jin yajinsa yadda muke ji, iyakarsa ya ƙara wa gwaiduwa launi. Ƙunshin da ake kira maganin ƙwai kuwa galibi bitamin ne, wani an haɗa shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Bitamin na iya farfaɗo da kazar da zafi ko ciwo ya galabaitar, amma ba ya mayar da mai mako 14 ta zama mai mako 20. Ɗabi'ar fasa kafso mai ja da rawaya a ruwan kaji duk mako kuma tana da illa ga mutanen gida, domin ragowar maganin na fita a cikin ƙwan da yara za su ci.

Abin da ya cancanci kuɗin shi ne rigakafi. Cutar Newcastle, wadda ke sa kaza koren zawo da murɗewar wuya, ba ta da magani idan ta kama, kuma wadda ta tsira ƙwanta kan ragu ko ya fito a lauye. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato na yin rigakafinta, har da nau'in da ke jure zafi wanda ake ɗigawa a ido duk bayan wata 3 ko 4. Jiƙon ɓawon maɗaci da iyayenmu ke sawa a kasko ba ya maye gurbin wannan. Tsutsar ciki da ƙwarƙwatar kaji su ma suna cinye abincin da aka saya da tsada. A ɗaga fiffike a duba, a kuma haska tsagogin keji da dare, don wasu ƙwarin sai dare suke fitowa shan jini.

Alamun cewa ta kusa

Zankonta da fatar da ke reto a ƙarƙashin baki za su girma su yi ja wur. Idan aka kai hannu bayanta, maimakon ta gudu sai ta durƙusa ta ɗan buɗe fukafukai. Za ta fara kyarkyara tana leƙa lunguna masu duhu. Gwajin da ya fi tabbas shi ne na ƙasusuwa 2 da ke gefen duburarta: idan yatsa ɗaya kawai ke shiga tsakaninsu, to da sauran lokaci, idan 2 ko 3 suka shiga to ƙwai na hanya, yawanci cikin mako 1 ko 2. Ƙwan farko ƙarami ne, wani ba ɓawo, wani da ɗigon jini, wani da gwaiduwa 2. Duk wannan kan daidaita da kansa. Kuma ko rana ɗaya aka ƙyanƙyashe su, ba rana ɗaya suke farawa ba; tsakanin ta farko da ta ƙarshe ana iya samun mako 3 ko 4.

Wani lokacin ma ta daɗe da farawa, mai ita ne bai sani ba. Kazar da ake saki takan zaɓi bayan tulin itace, ƙarƙashin rumbu ko gidan maƙwabta. Gafiya, ɓera, maciji da guza duk suna shan ƙwai, yaran gida ma ba a cire su daga zargi. A tanadi gurbi ɗaya ga kaji 4 ko 5, ko da fasasshiyar tukunya ce da buntun shinkafa a ciki, a kuma riƙe su a kulle har hantsi ya ɗaga, tunda yawancin ƙwai da safe ake yinsa.

Lissafin da ya kamata a yi tun farko

Leya ɗaya na cin kilo 6 zuwa 7 daga ƙyanƙyasa zuwa mako na 18. Kaji 10 ke nan sun lashe kusan buhu 3 masu kilo 25 kafin a ga ƙwai ko ɗaya, ban da rigakafi da gawayin ɗumi da waɗanda suka mutu a hanya. Bayan sun fara, buhu ɗaya mako 3 yake yi musu. Idan suna ba da 8 a rana, a wannan mako 3 an tara kiret 5 da rabi. Idan 4 suke bayarwa saboda an rage musu abinci, ko kiret 3 ba za a cika ba. Kowa na iya ɗora farashin buhu da na kiret na yau a kan wannan ya ga inda ya tsaya.

A nan masu kiwo suka rabu gida biyu. Masu goyon bayan kajin Hausa na cewa ba ruwansu da buhu, kaza na ƙyanƙyashe 'ya'yanta, tana jure zafi, ana ma sa mata ƙwan zabi ta kwanta a kai, ga daraja a kasuwa lokacin Sallah da suna. Masu kajin gona kuma na cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki: abin da kazar Hausa za ta bayar a shekara, leya ta bayar da shi a wata 2, kuma hunturu ɗaya na iya share kajin da ba a yi wa rigakafi ba. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Wanda ya fi kowa asara shi ne na tsakiya, wanda ya sayi leyas da kuɗin adashe bai ware na abinci ba. Gidan da ba shi da tabbacin sayen buhu duk mako 3, maja ko kajin Hausa da ɗan ƙarin abinci da yamma sun fi masa rufin asiri.

Yaushe za a daina jira? Idan leya ta wuce mako 26, maja ta wuce wata 8, kazar Hausa ta wuce wata 9, sa'o'inta na yi ita ba ta yi, zanko a koɗe, ƙashi a tsuke, to tukunya ko kasuwa ta fi. Akwai ma wadda ciwon numfashi ya lalata wa hanyar ƙwai tun tana ƙarama. Za a gan ta da jan zanko tana shiga gurbi kullum tana fitowa ba komai, kuma ba ta warkewa. Idan kuwa garken ne gaba ɗaya ya ƙi farawa, ba a kajin matsalar take ba, a duba shekarunsu da abincinsu da inda suke kwana. A ɗauki biyu daga ciki a kai asibitin dabbobi, tare da ɗan abincin da suke ci a leda da ranar da aka sayo su, kafin a sake kashe ko sisi a kan magani.